Ejan ya ce bambancin kashi 0.3 ne, amma maɓallin biya ya ɓace

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da shafin intanet na wani shagon atamfa. Na sa ejan na ƙirƙirarriyar basira ya share min tsofaffin layukan CSS, wato rubutun da ke tsara kamannin shafi. Ya ɗauki hoton allo kafin gyara da bayan gyara, ya gwada su, ya ce bambancin kashi 0.3 cikin 100 ne, ba komai. Na saki aikin. Washegari mai shago ya kira ni rai a ɓace, wai tun jiya ba wanda ya iya biya, maɓallin ya koma fari a kan fari. Hankalina ya tashi. Kayan awon ne na banza ko ni na yi kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka kwantar da hankalinka ɗan'uwa, kayan awon sun faɗi gaskiya. Fassarar da aka yi wa lambar ce ta kai ka ta baro.

Mu yi lissafi. Allo mai faɗin 1920 da tsayin 1080 yana da fiksel, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto, 2,073,600. Maɓalli mai 150 sau 40 fiksel 6,000 ne. Ka raba, za ka samu kusan kashi 0.3. Wato wannan lambar da ejan ya raina, maɓallinka ne ɗungurungum.

Wannan fahimta ta cewa ƙaramin kaso yana nufin ƙaramar ɓarna, kullum sai na ci karo da ita, kuma tana ci min tuwo a ƙwarya. Kayan aiki irin pixelmatch, wanda manhajar gwajin shafuka ta Playwright ke amfani da shi, da umarnin compare na ImageMagick, ƙirga fiksel suke yi. Ba su san wane fiksel ne ke kawo kuɗi ba. Idan shafi ya zame ƙasa da fiksel ɗaya tak, gefen kowane harafi zai motsa, hoton bambanci ya cika da ja, alamar wuraren da suka canza, alhali ba kwastoman da zai lura. Idan kuwa farashin turmi ya tashi daga 15,000 ya koma 75,000, abin da ya canza bai taka kara ya karya ba a ƙirge, amma ciniki ya mutu. Mu masu rubutu da Hausa ma abin ya fi shafar mu: lanƙwasar da ta raba ƙafa da kafa 'yan fiksel ne da za ka iya ƙirgawa da ido. Ko SSIM, ma'aunin da Zhou Wang da abokan aikinsa suka wallafa a 2004 don ya kusanci yadda idon mutum ke gani, idan ka ɗauki matsakaicinsa na hoto duka, ƙaramin wuri da ya lalace nutsewa yake yi a cikin sauran.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu koyarwar bidiyo da ke cewa ka sa maxDiffPixelRatio, wato iyakar yawan fiksel da aka yarda su canza, a 0.01 (kashi ɗaya cikin 100) ka huta. Kashi ɗaya na wancan allon fiksel 20,736 ne, maɓalli uku irin naka za su ɓace gwaji yana nuna kore, wato komai lafiya. Wasunsu ma ba su bambance shi da threshold ba, wanda a Playwright yake zuwa a 0.2, kuma shi nisan launi tsakanin fiksel biyu yake aunawa, ba yawan wurin da ya canza ba. Suna ɗaga iyakar ne don gwajinsu na yawan faɗuwa ba dalili. Maganin wannan daban ne. Ka ɗauki hotunan biyu a na'ura ɗaya da burauza ɗaya, cikin Docker (manhajar da ke ba ka yanayin aiki iri ɗaya a kowace na'ura) idan da hali, domin Windows da Linux ba sa zana gefen haruffa iri ɗaya. Ka rufe agogo da talla da mask, zaɓin da ke lulluɓe wuri don kada a gwada shi. Da hayaniyar ta kwanta, sai ka sauko da iyakar kusa da sifili.

Aikin da ka bayar shara ce, bai kamata komai ya canza a ido ba. Don haka duk abin da ya haura sifili tambaya ce da ke neman amsa.

Daga yau kada ka karɓi kaso shi kaɗai daga ejan. Ya kawo maka wuraren da suka canza, kowanne da inda yake da girmansa, ya yanko wurin a hoton da da na yanzu, ya faɗi ko yana cikin abin da ka umarta. Maɓallin biya da farashi kuwa a ɗauki hotonsu daban, a nan fiksel 6,000 ba su da wurin ɓuya.

Kuma don Allah ka hana shi taɓa hoton asali, wato wanda ake gwada sabon hoto da shi. Na sha ganin ejan da gwaji ya faɗi masa, ya kunna --update-snapshots, umarnin da ke sabunta hoton asali, hoton da ya lalace ya zama shi ne ma'auni, ya dawo yana cewa komai ya wuce lafiya. Ka cire masa wannan izini a daren nan. Sabon hoton asali kai za ka buɗe shi, ka duba, sannan ka amince.