Tukunyar kulorin mai yoyo ba ta shan ruwa

Ka aiko kana tambaya: "Oga, an koya mana cewa in gas mai guba ya ɓalle a yi masa feshin ruwa ya kwanta. To don me kuma aka hana zuba ruwa a kan tukunyar kulorin, gas ɗin da ake tsabtace ruwan famfo da shi, in tana yoyo? Ba duk ɗaya ba ne?"

Ba ɗaya ba ne, yaro. Rashin sanin bambancin nan ya taɓa cinye mana, mu 'yan kwana-kwana, mutum da mota a dare guda, kuma har yau abin yana ci mini rai. Ba don haka ba, da sai in ce ka koma ka buɗe littafinka.

Busasshen kulorin ba ya taɓa ƙarfe, shi ya sa yake shekara a cikin tukunya lafiya lau. Da ya gamu da danshi sai ya rikiɗe ya zama asid, ya kama cin ƙarfen kamar gara ta sami itace. Ramin da allura ce kaɗai za ta shige shi, ka ba shi ruwa, sai ya buɗe. Ɓarna ta biyu kuwa ba kowa ya san ta ba. Abin da ke cikin tukunyar ruwa-ruwa ne, yana tafasa a digiri 34 ƙasa da sifili. In yana yoyo yana sanyaya kansa da kansa, har ka ga ƙanƙara ta yi fari a jikin ƙarfen, matsin ciki ya sauka, yoyon ya yi sanyi. Ruwan tankinka da ya wuni a rana, a wajen wannan tukunya wuta ne. Ka watsa mata, ka ɗumama ta, matsi ya koma sama. Ka faɗaɗa ramin, ka kuma ƙara wa abin da ke fita ƙarfi.

Haka aka yi a wani gidan ruwa, wanda ba sai na kama suna ba. Ɗan kwangilar da ke kawo musu kulorin ya jibge tsofaffin ganguna masu tan ɗaya-ɗaya a bayan sito, cikin ciyawa, damina ta yi ta dukansu. Wajen ƙarfe goma na dare maigadi ya ji wari kamar na bilic, aka kira 'yan kwana-kwana. Aka nemi ɗan kwangilar a waya, ya rantse da girman Allah cewa gangunan duk fanko ne, ɗan abin da ya rage ne yake fita. Ƙarya yake yi. Ɗaya daga ciki ta fi rabi, bawul ɗinta ya ci tsatsa ya ƙi buɗuwa, shi kuma ya ƙi mayar da ita kamfani don kada ya yi asarar kuɗin mota. Da wani ya haska fitila ya duba jikinta da kyau, da ya ga layin ƙanƙara, wanda ke nuna daidai inda ruwan cikin ya tsaya. Ba wanda ya duba. Mutum ya rantse, aka yarda.

Mai jagorantar aikin a daren ya sa aka ja tiyo, aka dinga kwarara mata ruwa kusan minti ashirin. Ramin kuma yana ta gefen ƙasa ne, wato ba gas ke fita ba, ruwan kulorin ne, kuma lita ɗaya ta ruwansa tana zama gas lita 460. Ɗan tsiyayen da aka tarar ya koma feshi. Dare ne, iska ta kwanta, kulorin kuma ya fi iska nauyi sau biyu da rabi, sai ya bi ƙasa, ya gangara kwata, ya taru a kwarin da aka ajiye motar. Inji yana aiki yana zuƙar sa. Cikin makonni wayoyin lantarkin motar suka yi kore, lagireto ya huje, duk wani tagulla da ke jikin famfo ya ci. Mota ɗaya tilo mai lafiya a tashar, ta zauna kan duwatsu.

Mota ƙarfe ce. Wanda ya riƙe bakin tiyo yaro ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wanda ya fi kowa hannu a tsararsa. Tukwanen numfashi biyu ne a motar, duka babu iska, sai ya jiƙa tawul ya ɗaure hanci. Ya fito yana tari, ido jawur, aka ba shi madara, wani ya kawo manja, ya ce ya ji sauƙi, aka sallame shi gida. Kafin asuba huhunsa ya cika da ruwa. Allah ya yi da sauran kwana, amma bai sake iya hawa bene ba tare da ya tsaya ya huta ba, aikin ma dole ya bar shi. Ɗan kwangilar bai biya ko kuɗin allura ba, kuma bayan shekara aka sake ba shi kwangila. Ni ban yafe wannan ba.

To, ga yadda ake yi. Zancen tsayawa ta inda iska ke fitowa da ajiye mota a kan tudu ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai san wannan ba bai kamata a ba shi hula ba. Lambar shaidar kulorin da za ka gani a jikin tukunyar 1017 ce. In ƙaramar silinda ce mai kilo 68, a kori kowa mita 60 ta kowane ɓangare, sannan a kula da mutanen da iska ta nufa har mita 300 da rana, da dare kuwa fiye da kilomita ɗaya. In ganga mai tan ɗaya ce, mita 150, kuma in dare ne babu iska, lissafinka ya haura kilomita biyu. Jama'a su gudu ta gefen iska, ba gabanta ba, su nemi tudu. Kada ka bar kowa ya fake a kwalbati ko rami, can gas ɗin yake kwana. A Lamingo da ke Jos, a watan Yulin 2015, kulorin ɗin gidan ruwa ya kashe mutum 8, ya kai fiye da ɗari asibiti, kuma mutanen unguwa ne abin ya ritsa da su.

Mutum biyu za su shiga, biyu na jira a shirye, duk da tukunyar numfashi da rigar roba mai rufe jiki ruf. Kayan gobararka na yau da kullum ba su tare komai a nan: gas ɗin yana shiga ya sami gumi a hammata da matsematsi ya ƙone su. Tukunyar numfashi mai lita 6 a matsin bar 300 an ce tana kai minti 45. A cikin rigar roba, a zafin ƙasar nan, kana aikin ƙarfi, ka ƙirga 20, ka kuma fara fitowa tun usur ɗin gargaɗin ƙarewar iska bai busa ba.

Ramin ba da hanci ake neman sa ba. Ruwan amoniya mai ƙarfi za ka zuba kaɗan a kwalbar roba, ka matsa tururinsa kawai ya bi kan bawul da mahaɗai. Inda farin hayaƙi ya tashi, nan ne. Kada ruwan amoniyan kansa ya taɓa tagullar bawul.

Da ka gane wurin, abu na farko shi ne ka mayar da ramin sama. Silinda a tsayar da ita, ganga a mirgina ta har ramin ya kalli sama, a sa mata waigi, don gas ya riƙa fita maimakon ruwa. Wannan mirginawar kaɗai da ta ceci yaron nan. In ta wuyan bawul ne, rufe bawul ɗin, ka ɗan ƙara ɗaure notin wuyan. Da sifanarsa ta musamman, wadda ba ta wuce santimita 20 ba. Yaran yanzu da sun ji abu ya yi tauri sai su zura bututu a sifana su danna da ƙarfin tuwo, bawul ya karye a hannunsu, su rasa inda za su sa kansu. In ta mahaɗin bututu ne, a rufe, a sa sabuwar woshar dalma, tsohuwa ba a maimaita ta. In bawul ya ƙi, ko jikin ƙarfen ne ya huje, sai akwatin toshewa: mai harafin A na silinda ne, B na ganga, C na tanka. Akwai murfi da sarƙa da facin roba a ciki, kowanne da inda yake zama. Abin da ya rage a tukunyar kuma ana iya jan sa a hankali cikin ruwan sodar sabulu, wajen kilo 85 na sodar a ruwa lita 230 ga silinda guda, amma wannan aikin masu kamfanin ne, domin haɗin yana ɗaukar zafi ƙwarai. Jefa ta a tafki ko rijiya kuwa, kada ma ka bari wani ya kawo shawarar.

Feshin da aka koya maka yana da wurinsa: can gaba, tsakanin gas ɗin da gidajen mutane, labulen ruwa mai laushi, ba ɗigo ɗaya da zai koma kan tukunyar. Kada ma ka dogara da shi sosai, kulorin ba ya narkewa a ruwa da yawa, tarwatsa shi kawai kake yi. Ruwan da ya zubo asid ne, a tare shi da yashi kada ya bi kwata. Sai kuma in gobara ce kusa da tukwanen da ba su yoyo: nan kam ka sanyaya su, ko ka janye su, domin toshiyar ƙarfe mai saurin narkewa da ke jikinsu tana narkewa a digiri 70 zuwa 74, ganga kuwa shida gare ta.

Duk wanda ya shaƙa, a cire masa tufafi, a wanke ido da jiki da ruwa minti 15, a zaunar da shi a jingine, a ba shi iskar oksijin, kada a bar shi ya yi tafiya da ƙafarsa. Madara da manja ciki suke zuwa, ciwon kuwa a huhu yake. Ko ya rantse ya warke, asibiti zai kwana.

Ku kuna zuwa wurin aiki da waya a hannu kuna ɗaukar hoton hayaƙi, amma a tambaye ku gidan ruwan garinku ganga nawa ke ajiye, ko akwatin B yana nan, sai ku yi zuru. Ranar Litinin ka nemi izini ka je can. Ka ƙirga gangunan, har da na bayan sito. Ka sa a buɗe maka akwatin, ka lanƙwasa kowane facin roba ka ga ko ya bushe ya tsage, ka gwada ɗora murfin a kan fankon ganga da safar hannu har sau uku. In ka dawo ka duba ma'aunin kowace tukunyar numfashi da ke motarku, ka kawo mini lambobin a rubuce.