Amiba a gwajin bayan gida: wacce ce mai cutarwa?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da aka ce an ga amiba, wata 'yar ƙanƙanuwar halitta mai zama a hanji, a bayan gidanka alhali lafiyarka ƙalau. Iri biyu ne suke rikita masu gwaji: Entamoeba histolytica, mai jawo atuni har da ƙurji a hanta, da Entamoeba dispar, wadda galibi zamanta take yi a hanji ba ta cutarwa. A madubin ɗakin gwaji kamar an tsaga kara suke. Tun 1925 wani masani Bafaranshe, Emile Brumpt, ya ce ba ɗaya ba ne, amma sai 1993 aka tabbatar.

Abin da ke raba gardama shi ne gwajin PCR. Ana ciro DNA, wato sinadarin gadon halitta, daga ɗan ƙanƙanin bayan gida, a sa a na'urar da ke ɗumamawa tana sanyayawa, har ta ninka wani ɗan yanki sau miliyoyi, daidai wurin da jerin halittarsu ya bambanta. Akwai kuma gwajin da ke neman furotin ɗin histolytica kaɗai, ya fi araha.

Ina roƙonka, kada ka sayi Flagyl, maganin da ake bayarwa don amiba, da kanka. Koma wa likita da takardar, ka tambaye shi wane gwaji aka yi.