Hayar kekuna zuwa duwatsun Mangu: ta ina kuɗin zai shigo?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kekunan gwanjo a Bukuru, kusa da Jos a jihar Filato, ya aiko mini da wannan tambaya: "Shekara tara ina sayar da kekuna da kayan gyaransu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ciniki ya ɗan motsa, har na tara naira miliyan 3. Ina ganin samari da ma'aikata suna fita yawon duwatsu ranar Asabar, shi ne nake so in sayi kekunan tsere 12, kowanne a kan dubu 250, in riƙa ba da haya dubu 5 a wuni, a je har Panyam da Kerang da tafkin Pidong. Wani abokina ya ce in ci bashin banki in kai su 25. Me kake gani?"

Malam, Allah ya ƙara buɗi. Idonka ya ga abin da yake na gaskiya. Duk wanda ya bi hanyar Mangu zuwa Panyam da hantsi ya san ƙasar nan tana da abin nunawa: tsaunuka masu kama da tulin hatsi waɗanda tsofaffin duwatsu ne masu aman wuta da suka daɗe da mutuwa, gonakin masara da dankalin Turawa a gindinsu, dutsen Kerang da ruwan kwalba na SWAN ke fitowa daga maɓuɓɓugarsa, da tafkin Pidong na Ampang ta Yamma da ke zaune cikin bakin dutse. Ga sanyi, domin Jos kanta tana kimanin mita 1,200 sama da teku, mutum zai yi awa uku a kan keke bai galabaita kamar yadda zai yi a Kano ko Sakkwato ba. Ruwanda da irin wannan ƙasa ta tudu da gangara ta gina sunanta a harkar keke, har aka yi gasar duniya a Kigali a Satumban 2025, karo na farko a Afirka. Don haka ba na cewa ka bar tunanin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne inda kake shirin zuba kuɗin.

Mu yi lissafi da alƙalumanka. Masu fita irin wannan yawo mutanen ranar Asabar ne. Juma'a da Lahadi kowa na wurin ibadarsa. Daga Yuli zuwa Agusta ruwan Jos ba ya ɗaga ƙafa, hanyoyin ƙauye kuma su zama taɓo. Mu ƙaddara ka samu fita 30 a shekara, wanda ma na yi maka karamci. Mu ƙaddara kowace fita rabin kekunan ne suka samu mahaya, wato 6. Dubu 30 ke nan a fita ɗaya, dubu 900 a shekara, kafin ka sayi taya ko ɗaya. Uwar kuɗinka ba za ta dawo ba sai bayan shekara uku da wani abu, lokacin kuma kekunan sun sha jiki, domin babu abin da ke tsufa da wuri kamar keken haya: wanda ba nasa ba ne ba ya tausayin giyar keke. Wannan miliyan 3 ɗin kuwa, in tana cikin shagonka, sau nawa kake juya ta a shekara? Kai ka fi ni sani. Maganar bashin banki kuma ka ajiye ta gaba ɗaya. Kuɗin ruwa ba ya hutun damina, kasuwar da kake son shiga kuwa tana yi.

Ga inda nake ganin kuɗin yake. Mutumin da ya zo daga Abuja ko Kaduna, ko ɗan bautar ƙasa da aka turo Filato, abin da ya rasa shi ne wanda zai kai shi ya dawo da shi lafiya. Bai san wace hanya ce ke da kwalta mai kyau ba, bai san inda zai tsaya ya ci abinci ba, bai san wanda zai gaisar kafin ya hau dutse ba. Wannan za ka sayar, keke ya zama abu ɗaya a cikin kunshin. Ka ce dubu 15 ko 20 kowane mutum, ya haɗa keke da hular kwano da jagora da ruwa da abincin rana da motar rakiya. Mutum shida a dubu 15 sun ba ka dubu 90. Ka cire hayar akori-kura da mai, abinci, haƙƙin jagoran ƙauye, da abin da za ka ware don gyara, ka ga abin da ya rage. Ba zai yi yawa ba da farko. Amma cikin shidan nan akwai wanda bayan fita biyu zai ce yana son keken kansa, kuma shagon wa zai je? Daga nan sai hula, sai safar hannu, sai fitila, sai gyaran wata-wata. A ganina ribar wannan sana'a a kan kantarka za ta sauka, fitar Asabar kuma ita ce mai jawo maka mutanen.

Shi ya sa nake cewa ka fara da kekuna biyar ko shida daga cikin hajarka, kada ka sayi sababbi. Keken da ya yi wata huɗu yana fita, ka gyara shi ka sayar da ɗan rangwame, ka sa wani a madadinsa. Ta haka jarinka bai kwanta ba. Kuma ka sake duba maganar keken tsere mai siririyar taya. A kan kwalta mai santsi yana da daɗi, amma da zarar an sauka zuwa hanyar ƙauye mai tsakuwa da jar ƙasa, faci za ka wuni kana yi. Nemi masu taya mai ɗan kauri da giya mai sauƙin hawa, waɗanda kayan gyaransu na kamfanin Shimano ne da ake samu a kasuwa. Birki kuwa kada ka yi masa rowa. Hawa yana gajiyar da mutum ne kawai, a gangara ake karyewa. Kada kuma ka ɗauki sabon mahayi daga Bukuru ka ce ya taka har Mangu ya dawo, tafiyar ta fi ƙarfinsa, ga manyan motoci. A ɗora kekunan a mota zuwa inda za a fara, a yi zagayen kilomita 20 zuwa 30, a dawo kafin la'asar.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗannan nauyi, kuma ina roƙonka ka saurare ta da kyau. Ka san rikicin da Mangu ta gani a 2023, ka san hare-haren jajibirin Kirsimeti na shekarar a Bokkos da Barkin Ladi, ka san dokar hana fita da aka sa a Mangu a Janairun 2024. Mutanen ƙauyukan nan sun binne 'yan uwansu, ta kowane ɓangare. Ayarin baƙi da ya shigo ba sallama, ana ɗaga waya ana ɗaukar hoton gidaje da gonaki, zai iya tayar da hankalin da ba ka yi nufi ba. Da ɗan gari akan ci gari. Kafin ka kai mutum ko ɗaya, ka je da ƙafarka ka gaida mai gari da shugabannin matasa, ka faɗi abin da kake son yi, ka tambayi inda aka yarda a taka da inda ba a yarda ba, domin wasu duwatsu da kurmi suna da alfarma a al'adar Mwaghavul, mutanen yankin. Ka ɗauki jagora ɗan ƙauyen, ka biya shi a gaban kowa. Abincin rana a saya a wurin matan garin, kada a taho da shi daga Jos cikin kula. In da hali ma ka yi tarayya da wani ɗan yankin a cikin sana'ar, da rabo rubutacce. Ranar da gari ba lafiya, shi zai kira ka tun daren Juma'a ya ce kada ku zo. In ya kira, ka soke fitar ka mayar wa kowa kuɗinsa ba gardama, kuma ka sa wannan sharaɗi a rubuce tun farko.

Domin haka ma ina ba ka shawarar kada Mangu ta zama hanyarka ɗaya tilo. Ka tanadi gajerun zagaye kusa da gida, wajen Rayfield, ko Vom da Kuru, ko gindin duwatsun Shere, inda za ka gwada tsarinka ka ga nawa ne ke zuwa da gaske, nawa ne ke cewa "in sha Allahu" a WhatsApp su ɓace. Karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami zuwa ranar Alhamis, shi ke raba su.

Sauran na takarda ne. Ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, ka buɗe masa asusu daban da na shago don ka san wanne ke ciyar da wanne. Kowane mahayi ya sa hannu a takardar da ta ce ya san akwai haɗari, ya rubuta lambar wanda za a kira in wani abu ya faru, kuma ba hula ba hawa, ko waye shi. A motar rakiya a samu akwatin taimakon gaggawa da yaron shagonka mai gyara, ka kuma san asibitin da ya fi kusa da kowace hanya.

Ka ware dubu 500 kacal daga cikin miliyan 3 ɗin, ka fara a Nuwamba idan ruwa ya ɗauke, ka yi fita goma kana rubuta komai a littafi: mutum nawa suka zo, nawa aka kashe, nawa suka dawo karo na biyu, nawa suka sayi wani abu a shago. Zuwa ƙarshen Fabrairu ka aiko mini da littafin, mu duba tare ko lokacin ƙara kekuna ya yi.