Kar ki dakatar da allurar, ko ta kwana ɗaya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sau biyu na karanta tambayarki, sai na kife wayar na yi shiru. Kin ce wata biyu ke nan da aka gano ciwon suga a jikin yaronki mai shekara 9, surukarki ta ce allura za ta tsotse shi, a dakatar da insulin, wato allurar da ke sauke suga, sati biyu a gwada jiƙo. Don girman Allah kar ki yarda.

Ni a Aboabo nake, nan Kumasi. 'Yata ma ciwon suga gare ta, tana da shekara 11 aka yi mana rasuwa a Tamale, na tafi kwana huɗu na bar ta hannun yayar mijina. Na nuna mata komai, har lokutan allura na rubuta na manna a jikin firij. Ashe ta riga ta sayo wani baƙin ruwa a kwalba wajen masu tallan magani a Kejetia. Ina juya baya ta ɗauke allurar ta ɓoye a ƙasan akwatinta, wai yarinya ƙarama ba za a dinga huda ta kamar buhu ba.

Ranar da na dawo ban gane 'yata ba. Ido ya faɗa, leɓe ya bushe, ta sha ruwa ta amayar, tana riƙe da ciki. Suka ce maleriya ce, har sun ba ta magani daga shago. Numfashinta ne ya tsorata ni, mai zurfi, da sauri, kamar wadda aka koro da gudu, bakinta na warin ruɓaɓɓen ɗan itace. Na soka mata yatsa, na'ura ba ta ba da lamba ba, HI kawai ta rubuta, wato suga ya hau har ya wuce abin da take iya aunawa. Ƙarfe ɗayan dare muka tare pragya, keken haya mai ƙafa uku, kanta a cinyata, ina kiran sunanta ba ta amsawa. Har yau in na ji ƙarar pragya da dare gabana sai ya faɗi. Kwana biyu ta yi a asibitin Komfo Anokye ba ta san inda take ba, ana ƙara mata ruwa da insulin ta jijiya. Likita ya ce in babu insulin jiki kitse yake ƙonawa, guba ta taru a jini, DKA suke kiransa, kuma yana kisa.

Matar nan har yanzu ba ta ce mini yi haƙuri ba. A wajen wani suna ma na ji tana cewa ni na cika yarinya da alewa. Alhali irin na yara ba zaƙi ke kawo shi ba, jiki ne ya daina yin insulin gaba ɗaya, shi ya sa ganyen da kakar yaronki ke sha don nata sugan na tsufa ba zai maye masa allura ba. Muna gaisawa dai, don zumunci. Amma abincinta 'yata ba ta ci.

Ko yaronki yana zazzaɓi ba ya cin abinci, ba a tsayar da allura, a lokacin ma suga ya fi hawa. Ki riƙa gwadawa duk bayan awa uku, ki kira nas ɗinku ta faɗa miki yadda za ki daidaita. In amai ya ƙi tsayawa, asibiti, kar ki jira gari ya waye. Sai kuma faɗuwar suga: in ya yi ƙasa da 4 a na'urar gwaji, yana gumi yana rawar jiki, ƙaramin cokali uku na suga a ruwa, ki sake gwadawa bayan minti 15. In ya suma kar ki ɗura masa komai a baki. Ki faɗa wa ticarsa da malamin makarantar allo, tawa an taɓa dukanta wai tana barci a karatu, ashe suga ne ya sauka.

In an ɗauke wuta, ni kwalbar insulin ɗin nake sa wa a leda in ɗaure in jefa cikin randa. Katin inshorar lafiya kar ya mutu, nan Ghana *929# ake dannawa a waya a sabunta. Tsinken gwaji ne dai ke cinye mini kuɗin waakye, wannan kam sai haƙuri.

Yanzu shekararta 17, duk shekara ana duba mata ido da fitsari saboda ƙoda, alhamdulillahi lafiya. Sabuwar maganar gwaggon ita ce wa zai aure ta. Na tambaya a asibiti, aka ce za ta iya haihuwa, sai dai a daidaita sugan tun kafin ta ɗauki ciki.

Ranar komawarku asibiti ki ja baban yaron ku je tare, ya ji da kunnensa, shi zai iya da mahaifiyarsa. Allurar kuma ki ajiye ta inda ke kaɗai kika sani.