Komawa Gudun Motsa Jiki Bayan Tiyata: Tambayoyinku da Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, ina bin tsarin masu koyon gudu da ake kira Couch to 5K, na kai mako na 5 sai afendis ya kwantar da ni. Yau mako 3 da yi mini aiki, an cire zare, wurin ya bushe sarai. In ci gaba daga inda na tsaya? (Ɗalibi daga Runjin Sambo)

Amsa: Allah ya ƙara sauƙi. Amma a'a, kada ka ci gaba daga can. Fata ce ta rufe, ita ce kuma take fara rufewa. A ƙarƙashinta akwai tsoka da jan naman da ke riƙe hanji, su ma an ɗinke su, kuma ba sa sauri. A mako na 3 ƙarfin wurin ɗinki bai fi kashi 30 cikin 100 na asalinsa ba, sai wajen wata 3 yake kaiwa kamar kashi 80.

Ba ka faɗi irin aikin ba. Idan 'yan ƙananan huji aka yi aka shigar da kyamara, warkewa ta fi sauri. Idan yanka aka yi, yawanci mako 4 zuwa 6 ake jira kafin wani motsi mai ƙarfi, kuma wanda ya yi aikin ne zai ba ka izini. Kafin nan yi ta tafiyar ƙafa, kana ƙara 'yan mintuna kullum. Ranar da ka iya tafiyar minti 30 da sauri, ka yi ruku'u da sujada ba tare da ɗinkin ya ja ka ba, to ka koma mako na 1: sassarfar minti 1, tafiyar minti 1 da rabi, ana maimaitawa har minti 20, sau 3 a mako. Na san da ciwo mutum ya koma baya. Sai dai tun da Ba'amurken nan Josh Clark ya ƙirƙiro tsarin a 1996, don jikin da bai saba da gudu ba ya yi shi, naka kuwa yanzu ya koma haka.

Tambaya: Da aiki na haihu, kuma na gama arba'in. Ina so in rage tumbi, zan iya fara gudu? (Mai jego daga Mabera)

Amsa: Barka da arziki, 'yar'uwa, Allah ya raya. Cikar arba'in ba ta nufin jiki ya shirya wa gudu. Masu gashin ƙashi da motsa gaɓɓai na asibiti suna ba da shawarar a jira aƙalla mako 12, ko da wadda ta haihu da kanta ce, domin tsokokin da ke tallafe mahaifa da mafitsara sun ɗauki nauyi wata 9. Gwada kanki a ɗaki: yi ɗan tsalle a wuri ɗaya, ko ki yi tari da ƙarfi. In fitsari ya zubo, ko kika ji kamar wani abu na son saukowa ta gaba, ko jini ya dawo, lokaci bai yi ba. Ki riƙa matse tsokokin nan kamar mai riƙe fitsari, ki saki, sau da dama a yini.

Akwai abin da ya fi tumbi damuna. Raunin zuciya bayan haihuwa yana da yawa a nan Arewa, Sakkwato na cikin wuraren da aka fi ganinsa. Mace ta riƙa haki daga ɗaki zuwa madafi, ƙafafu su kumbura, ta kasa kwanciya sai ta jera matasai, a gida a ce ai jego ne. Wannan ba ta gudu ake yi ba, asibiti za a kai ta ranar. Kunun kanwa kuma a sassauta masa, gishirin da ke cikinsa yana tara ruwa a jiki. A auna miki jini ma kafin ki fara, don ƙarancinsa kan biyo bayan tiyata.

Tambaya: An yi mini aikin kaba wata 2 ke nan. Da can nakan zagaya filin wasa na Giginya bayan asuba. Ina tsoron kada ta dawo. (Ɗan kabu-kabu daga Gawon Nama)

Amsa: Malam, a wata 2 in babu kumburi ko ciwo, kuma likitanka ya duba ka, sassarfa ba za ta dawo da ita ba. Abin da na fi ji maka shi ne cicciɓar jarkar ruwa ko buhun gero zuwa bayan babur, da yunƙuri a ban ɗaki, da tarin da ya ƙi ƙarewa. Ka ci ganye, zogale da rama, ka sha ruwa sosai, in kana shan taba ka bari.

Lokacin da ka zaɓa ya yi daidai. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan na Sakkwato kan haura digiri 40, mai murmurewa ba shi da abin yi a fili bayan hantsi. Da hunturu kuma, ranar da ƙura ta yi kauri ka haƙura. In ɗinkin ya yi ja ko ya fara ruwa, ka tsaya a duba. In sharaɓarka ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya sarƙe tare da ciwon ƙirji, wataƙila gudan jini ne, ka nufi sashen gaggawa kai tsaye.

Tambaya: An sa mini ƙarfe a ƙauri bayan haɗarin mota. Wata nawa zan jira? (Daga Arkilla)

Amsa: Wannan ba a ƙirga shi da wata. Hoton ƙashi ne zai nuna ko ya haɗe, sannan likitan ƙashi ya ce ƙafar za ta iya ɗaukar nauyinka gaba ɗaya. Nemi a tura ka sashen motsa gaɓɓai, akwai shi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Muddin kana ɗingishi in kana tafiya, kada ka fara gudu.