Launin baƙin mai a kan ruwa, bakan gizo ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon kanikanci a wani gareji a Bauchi. In an yi ruwan sama, baƙin man da ya zube sai ya riƙa launi-launi a kan ruwa. Maigidana ya ce irin bakan gizo ne. Bayan faifan CD ma haka. Duk abu ɗaya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. A gaida maigidan naka. Launukan sun yi kama, amma hanya uku ce daban.

Bakan gizo lanƙwasar haske ce. Haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa a sarari, in ya shiga ruwa ya koma wajen 225,000, sai ya karkace a bakin shiga. Kowane launi da gwargwadon karkatarsa, shi ya sa ɗigon ruwan sama ke rarraba su a jere, ja daga waje, rana kuma a bayanka. Lanƙwasar nan ce ke sa ruwan Wikki a Yankari, mai hasken da kana hango yashin ƙasa, ya yi kamar bai kai zurfinsa ba. Daga sama ido na ganin kashi uku cikin huɗu ne kawai. Ita ce kuma kawalwalniyar da ke sheƙi a kwaltar Bauchi zuwa Gombe da tsakar rana.

Naka na gareji shi ya fi burge ni. Man yana shimfiɗuwa siriri ƙwarai, kaurinsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Wani hasken ya dawo daga saman man, wani ya nutse ya dawo daga inda mai ya taɓa ruwa, sai su haɗu. Jefa duwatsu biyu a kududdufi ka ga: inda tudun igiyar ruwa ya hau tudu sai ya ƙaru, inda ya faɗa kwari sai ruwan ya kwanta. Haske ma kamar igiyar ruwa yake tafiya, shi ya sa wani launi ke ƙarfafa, wani ya mutu, gwargwadon kaurin man a wurin. Gobe ka tsuguna ka duba da kyau. Za ka ga ruwan hoda da kore suna maimaituwa, in ka matsa gefe su sauya wuri. Kumfar sabulu ma haka take. Thomas Young na Ingila ne ya bayyana wannan tun wajen 1801.

Faifan CD kuwa yana da layuka sirara fiye da 600 a kowace milimita. Haske in ya gamu da matsatsiyar kafa ko tsagi irin wannan sai ya bazu, bazazzen kuma ya haɗu da ɗan'uwansa, don haka bazuwa da haɗuwa tare suke aiki a nan. Ka ari siririn gyale a gida da dare, ka kalli fitilar titi mai nisa ta cikinsa. Fitila ɗaya za ta rabu ɗigo-ɗigo, a tsaye da a kwance, yadda zaren saƙar ya bi.