Me ya haɗa makarantar Katolika da shagon kafinta?

Tambaya: Malam, ni malamin firamare ne a Daura. Na ji ana cewa wasu makarantun sakandare na Katolika da koyar da sana'a suka fara kafin a buɗe azuzuwan boko. Da gaske ne?

Amsa: Da gaske ne, Malam, amma ba dukkansu ba. St. John's ta Kaduna, wadda aka kafa a 1949, yau kuma ake kira Kwalejin Rimi, karatun boko ta sa gaba tun ranar farko. Wadda labarinta ya dace da tambayarka tana unguwar Valdocco a birnin Turin na ƙasar Italiya.

A 1846 wani limamin coci, Don Bosco, ya kama hayar wata rumfa a unguwar yana tara yaran da suka baro ƙauyuka neman aiki a birni. Yawancinsu leburorin gini ne, wasu ko wurin kwana ba su da shi. Da farko shagunan gari yake kai su koyon sana'a, kuma a nan ya yi abin da na fi ganin ƙimarsa: rubuta yarjejeniya da maigidan shago. Takardar takan faɗi shekarun da yaro zai yi, da abin da za a biya shi, da ranar hutunsa. Takan hana duka, ta hana a mai da yaro ɗan aiken gida. Je ka layin masu walda ko teloli a Daura ko Katsina ka tambaya. Uba ya kawo yaro ya ce "ga shi nan, amana", shi ke nan. In an dace da maigida mai tsoron Allah, yaro ya fito da sana'a har da jari. In ba a dace ba, sai ya shekara yana sayo abinci da share shago, bai taɓa riƙe almakashi ba.

Da Don Bosco ya ga takarda kaɗai ba ta tsare yaran, sai ya dawo da koyarwar cikin gida. A 1853 ya buɗe wurin ɗinkin takalma da na tela, shi da kansa ya zauna kan benci ya nuna musu aikin, domin ya taɓa sana'o'in hannu yana saurayi. Ɗaure littattafai ya biyo baya a 1854, aikin kafinta a 1856, daga baya maɗaba'a da ƙira. Azuzuwan sakandare kuwa sai wajen 1855 aka fara buɗe su a gidan. Ka ga bencin sana'a ya riga allon sakandare shiga makarantar. Shi ya sa nake jin takaici idan na ga iyaye a nan suna ɗaukar makarantar koyon sana'a wurin jefa yaron da boko ya gagara.

Ƙungiyar da ya kafa a 1859, 'yan Salesian, ta iso Najeriya a 1982, kuma tana da cibiyoyin koyar da sana'a a Ondo da Onitsha. Mu nan Arewa tarihin ya bi wata hanya: a farkon shekarun 1970 gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda Katsina da Daura ke cikinta a lokacin, ta karɓe makarantun mishan ta sake musu suna. Ta haka ne makarantar Queen of Apostles ta Kakuri a Kaduna ta koma Kwalejin Sarauniya Amina.